Idan Mai Ƙuli-ƙuli Ta Kwanta Ciwo, Wa Ke Biya?

Tun zuwan cutar korona maganar "aiki daga gida" ta shiga bakin gidajen rediyo, har yau kuma ba ta fita ba. Hoton da ake nuna mana kullum ɗaya ne: wani ma'aikaci a Faransa ko Amurka zaune gaban kwamfuta a ɗakinsa, ga shayi a gefe, yana ganawa da shugabansa ta intanet. Mutumin Magarya ko Dungas idan ya ji wannan sai ya yi murmushi ya ce abin na masu wuta ne. Yana da gaskiyarsa. Lokacin da gwamnati ta rufe makarantu a watan Maris na 2020, har zuwa 1 ga Yuni da aka sake buɗewa, duk malamin da ke aiki a ƙauyukan Dogo-Dogo, Malawa, Guci ko Yekuwa ya san yaransa ba su yi wani karatu daga gida ba. Gona suka tafi, da kiwo, da talla. A 2023 kuma, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, hatta 'yan birnin da ke taƙama da kwamfuta sun ga iyakar abin.

Sai dai murmushin nan ya rufe mana ido daga abin da ke cikin gidajenmu. Aiki daga gida ya girmi ofis a ƙasar Hausa nesa ba kusa ba. Ka bi lungunan Magarya, Bande ko Waca da asuba, kafin a buɗe ƙofar kowane ofishi, za ka ji ƙarar turmi, ka ji ƙamshin man gyaɗa, ka ga hayaƙi na tashi ta bayan danga. Nan ana suyar ƙosai, can ana tatar awara, gaba ana kirɓa fura, wata na kan keken ɗinki, wata na saƙar tabarmar kaba ko faifai, wata na auna gero da gishiri ga yaran maƙwabta. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta lura da haka tun 1969, ta rubuta cewa akwai kasuwa sukutum a ɓoye cikin gidajen Hausawa, mata ne ke tafiyar da ita, yara ne ƙafafunta. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a rahoton da ta fitar a farkon 2021, ta ƙiyasta cewa tun kafin korona mutum kusan miliyan 260 ne ke aiki a gidajensu a faɗin duniya, fiye da rabinsu mata, kuma mafi yawansu ba su da alaƙa da kwamfuta. Iyayenmu mata suna cikin wannan lissafi, ko an ƙirga su ko ba a ƙirga ba.

Amma je ka tsaya wurin rubuta sababbin ɗalibai a farkon shekara. Darakta ya tambayi uba sana'arsa, ya ce noma. A tambaye shi sana'ar uwar yaro, sai ya ce, "A'a, ba ta aikin komai, tana gida." A rubuta haka a wuce. Alhali kuɗin littafi da alƙalamin yaron nan, da sabulun da aka wanke masa riga, da ɗan abin da zai saya a lokacin tara, watakila duk daga kaskon wadda "ba ta aikin komai" suka fito.

Mu ɗauki mai ƙuli-ƙuli, tunda ƙasarmu ƙasar gyaɗa ce. Sai ta sayi gyaɗa ko ta karɓa bashi ranar kasuwa. A ɓare, a tsince, a soya a kasko, a murje ɓawon, a fece. A aiki yaro ya kai inji a markaɗa, idan injin bai lalace ba kuma akwai mai. A dawo a zuba a turmi ana tuƙawa ana yayyafa ruwan zafi har mai ya fito, a matse tunkuza da ƙarfin damtse, a mulmula, sannan a koma bakin wuta a soya. Wuni guda ne cur, a tsugune, cikin hayaƙi. A tsakanin haka ita ce za ta yi tuwo, ta yi wa yara wanka, ta kula da tsohuwar gida, ta tashi ta gaida duk baƙon da ya yi sallama. Ba wanda zai shiga ofishin magajin gari ya zauna hira ta awa biyu don kawai ya ga ƙofa a buɗe, amma mai sana'ar gida kowa na ganin lokacinta na kowa ne. Idan ta ce tana da aiki, a ce ta cika son kuɗi, ba ta da zumunci. Maigida ya yi baƙi ba zato, a sauke kaskon sana'a a ɗora tukunyar baƙi. Ga bashin maƙwabta da dangi, wanda kunya ba ta bari a bi. Mai shago a bakin titi yana iya ɗaure fuska ya hana. Ita da ke cin kasuwarta a tsakar gida, da wace fuska za ta hana ƙanwar mijinta kwalbar mai?

Ban ce sana'ar gida ba ta da alheri ba. Tana da shi, mai yawa. Mace na neman na kanta ba tare da ta bar 'ya'yanta ba, abin da ta samu kuma nata ne, addini ya tabbatar mata da shi. Uwar muminai Zainab bint Jahsh an san ta da aikin hannu, tana jima tana ɗinki tana sadaka da abin da ta samu. Damuwata ita ce ranar da jiki ya ƙi.

Ma'aikacin gwamnati ko na kamfani idan zazzaɓi ya kama shi, hanya a shimfiɗe take. Ya je gidan likita, a ba shi takardar hutu, ya kai wa shugabansa, ya kwanta, ƙarshen wata albashinsa ya zo. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta san da ciwon ma'aikaci, ta kuma ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 14. Mai sana'ar gida ba ta da shugaban da za ta kai wa takarda. Ranar da ta kwanta, asara uku ke hawa kanta lokaci guda. Ribar ranar ta tafi. Kayan da ta riga ta jiƙa ko ta markaɗa, wake ne ko waken suya ko gero, ba su san ciwo ba, za su yi tsami a zubar, wato jari ya taɓu. Masu saye kuma ba sa jira: wanda ya aiko yaro yau ya tarar ba ƙosai, gobe gidan gaba zai aika, jibi ya saba da can. Ga zubin adashi yana tafe ranar da aka sa, uwar adashi ba ta karɓar uzuri, don ita ma wata ke jiran kwasa. Saboda haka mafi yawansu ba sa kwanciya. A aiki yaro wurin mai tebur ya sayo ƙwaya biyu, a haɗiya, a ɗaure kai da ɗankwali a koma bakin murhu. Mutanen gida su ga tana motsi su ce ai ta ji sauƙi. A Turai ma, masu aiki ta kwamfuta sun fara kuka da irin wannan: tunda kana gida, a ce me zai hana ka amsa saƙo ko kana kwance? Su dai suna da albashi da inshora. Tamu ba ta da ko ɗaya.

Idan ciwon ya ci ƙarfinta har ta kasa tashi, aikin ba ya tsayawa. Hannu yake canzawa. A nan nake so malamai da iyaye su tsaya da ni, domin kusan kullum hannun da ke karɓa na yarinya ne 'yar shekara goma zuwa goma sha uku, wadda sunanta ke cikin rajistar wani aji. Ita za ta hura wuta, ta ɗebo ruwa, ta goya ƙanenta, ta kai markaɗe, ta ɗauki tire ta zaga gari. Hutun ciwon da ba wanda ya biya uwar, 'yarta ce ta biya shi da darasin lissafi na ranar Talata da na Laraba. Ɗan'uwanta namiji, wanda watakila ya girme ta, ya rataya jakarsa ya tafi lakwal, ba wanda ya ga laifin haka.

A wannan yanki kuwa ciwo ba baƙo ba ne, har lokacinsa an sani. Daga tsakiyar damina zuwa kaka zazzaɓin cizon sauro ke sauka, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. A watan Satumba na 2018 ƙungiyar likitocin MSF, wadda ta daɗe tana tallafa wa sashen yara na asibitin Magarya, ta yi shelar cewa a cikin wata guda ana rasa yara kusan goma kowace rana a wannan sashe, akasari saboda zazzaɓi da tamowa, ga ɗaruruwa a kwance. Daga Nuwamba 2022 zuwa ƙarshen Janairu 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da sanƙarau ya kama a jahar Damagaram, 18 suka rasu, kuma Dungas ce ta fi kowace gunduma yawan waɗanda suka kamu. Kowane yaro da aka kwantar a gadon asibiti, akwai mace zaune a gefensa tana jinya, mako ɗaya ko biyu. Wannan mace ta bar kasko, ta bar keke, ta bar sauran yara. Sau da yawa jarin sana'ar ne ake ci a kuɗin mota da abincin jinya, ta dawo da yaro lafiya amma ba ta da abin sayen tiya ɗaya ta gyaɗa. Idan aka yi rashin sa'a maigida ya tafi cin rani Kano ko Legas ko Libiya, gidan gaba ɗaya ya koma kan babbar 'ya.

A lura da wani abu. Tun 2006 ƙasar nan ta ce magani kyauta ne ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar, haka awon ciki. Maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa gida-gida da damina, wanda Magarya na cikin wuraren da aka fara shi a 2013, shi ma don ƙananan yara aka tsara shi. Wannan daidai ne, su ne ciwon ya fi kashewa. Amma uwar da ba ta da ciki, ciwonta daga aljihunta ne ko na mijinta. Ga wadda ke ƙirga riba da dala-dala, zuwa likita na nufin kuɗin kati, kuɗin magani, da wunin da ba a yi ciniki ba. Shi ya sa take jinkiri har sai an ɗauke ta a amalanke.

Makarantu na komawa a watan Oktoba, wato a tsakiyar wannan hali, ga kuma girbi. A ƙauyukan da azuzuwan zana ne, sai an jira kara ya samu kafin a kafa aji. Yarinyar da ta fara shekara a makare, ta rasa mako guda a Nuwamba saboda uwarta na jinya, ta rasa kwana huɗu a Janairu saboda an haihu a gidansu, idan aka zo jarrabawa sai a ce ba ta da kai. Uban ya duba takardar sakamako ya ce to zaman me take yi, gara a yi mata aure. Ba wanda ya yanke shawarar cire ta daga makaranta rana ɗaya. Kwana-kwana aka cire ta, kowane kwana da uzurinsa mai kyau. A Disamba 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare karatun 'ya mace, amma doka ba ta san ranar da uwa ta tashi da ciwon kai ba.

Malam, a nan akwai naka. Rajista tana nuna maka wanda bai zo ba, ba ta nuna dalili. Yarinyar da ta shigo aji ƙarfe tara tana warin hayaƙi, idonta ja, kafin ka sa ta durƙusa a rana ko ka kore ta, tambaye ta wa ke kwance a gidansu. Tambaya ce ta daƙiƙa biyar. Wadda aka dake ta yau saboda makara, gobe idan ta ga rana ta ɗaga ba za ta zo ba sam, kuma gidan ba za su matsa mata ba tunda dama suna bukatarta. Wanda ya sa a ajiye mata darasin da ta rasa, ko ya haɗa ta da wata ƙawarta su kwafa, ya yi aikin da babu sufeton da zai gani balle ya yaba, amma shi ne ke riƙe yara a aji. Na san aji mai yara saba'in ko tamanin ba ya barin mutum ya bi kowa ɗaya-ɗaya. Waɗanda ke yawan ɓacewa dai ba su kai haka ba, kuma kowane malami ya san sunayensu.

Iyaye kuma su san cewa malamin nan shi ma mai aiki daga gida ne, kuma shi ma ana yi masa irin kallon da ake yi wa mai ƙuli-ƙuli. Ana ganin mushe ya tashi daga aji, sai a ce ya gama, ga shi da hutun wata uku, wa ya kai shi jin daɗi. Shirin darasin gobe a gida ake rubuta shi. Littattafan yara tamanin a gida ake duba su, da fitilar salula, bayan sallar isha'i. Lissafin maki da cike takardun sakamako duk a kan tabarmar gida ne, ba a ƙirga su cikin awannin aiki, ba a biyan su. Malama mace kuwa ta haɗa biyu: ga jan alƙalami ga muciya. Yanzu da WhatsApp ya shigo, saƙon darakta ko na ofishin sufeto na iya sauka ƙarfe goma na dare ana neman lissafin ɗalibai kafin safiya. Faransa, wadda muka gaji tsarin makarantarmu daga gare ta, tun farkon 2017 ta sa a dokarta cewa ma'aikaci na da haƙƙin ya rabu da saƙonnin aiki bayan an tashi. Mu mun ɗauko wayar mun baro dokar.

Ranar da malami ya kwanta ciwo, a makarantar ƙauye babu mai maye gurbinsa. Ko a haɗa ajinsa da na wani, ko a sa babban ɗalibi ya riƙe sanda yana rubuta sunan masu surutu, ko a sallami yara. Mafi yawan malaman firamarenmu 'yan kwantiragi ne, abin da suke karɓa kaɗan ne, kuma kowa na tsoron a rubuta shi cikin masu fashi. Don haka za ka ga malami a gaban allo yana rawar sanyi, yana koyar da abin da shi kansa ba ya ji. Idan kuma ya zauna gida, wani ya hango shi a ƙofar gida yana shan iska da la'asar, magana ta zaga gari cewa lafiyarsa lau. Ba na musun akwai malaman da ke fakewa da ciwo su tafi harkokinsu, akwai su, kuma sun ɓata wa sauran suna. Maganinsu takardar likita ce da darakta mai tsayawa kan aikinsa. Zargin kowa da kowa ba ya kama su, sai dai ya tura mai gaskiya aji da zazzaɓi.

To me za a yi, tunda ba gobe asusun ma'aikata zai fara biyan mai awara kuɗin ciwo ba? Abin da ya fi kusa yana hannun matan da kansu. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jahar Maraɗi a 1991 kuma daga nan ya bazu zuwa ƙasashe da dama, ya bambanta da adashin da muka saba a wuri ɗaya mai muhimmanci: ban da zubin da ake ba da rance daga cikinsa, ana ware ɗan ƙaramin asusu na taimako don ciwo, haihuwa ko rasuwa. Wannan shi ne hutun ciwon mai sana'ar gida, da hannunta ta gina shi. Ƙungiyar da ke da irin wannan asusu tana iya ƙara sharaɗi ɗaya ba tare da ta nemi izinin kowa ba: wadda ta kwanta, a ɗaga mata zubin makon, kuma 'yan ƙungiya biyu su karɓi kayan da ta jiƙa su sarrafa su sayar mata, da sharaɗin 'yarta ta tafi makaranta. Mata sun saba yi wa juna haka a biki da suna, inda ake taruwa a yi daka da girki ba a biyan kowa. Ƙungiyoyin iyaye mata da ke jikin makarantu, waɗanda a wurare da yawa sai ranar taro ake tunawa da su, nan ne aikinsu yake: malami ya ba su sunan yarinyar da ta yi kwana uku ba ta zo ba, su shiga gidan, tunda su suna shiga inda shi ba ya shiga.

Sauran yana kan maza. A jahar nan tamu aka fara makarantun mazaje, inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar iyalinsu, kuma Bande na cikin garuruwan da aka san su da wannan. An yi nasara wurin sa maza su bar matansu zuwa awo da haihuwa a likita. Maganar da ta rage a kai wa irin wannan zama ita ce ciwon da ba na ciki ba. Magidancin da ya san cewa cefanen gidansa rabi daga kaskon matarsa yake fitowa, ranar da ta kwanta ya kamata ya sa hannu a aljihu ya kai ta likita tun ranar farko, ya sayi abinci a waje kwana biyu, ya mayar mata da jarin da ya lalace kamar yadda zai sayi iri idan shukarsa ta ƙone. Ɗansa namiji ɗan shekara goma sha huɗu yana iya ɗebo ruwa da kai markaɗe kafin ƙarfe takwas, ba abin da zai ragu a jikinsa. Idan kuma dole sai wani yaro ya zauna gida, a raba kwanakin tsakanin yaran, uban kuma ya taka da kansa ya gaya wa malam dalili, don a ajiye wa yaron darasinsa.

Shekara mai zuwa, ranar rubuta sababbin ɗalibai, idan uba ya ce matarsa ba ta aikin komai, darakta ya ajiye alƙalami ya sake tambaya: me take sayarwa, kuma wa ke kai mata talla? Ya rubuta amsar a gefen sunan yaron.